Buhu Bakwai a Ƙarƙashin Gado

Ranar da hukuma ta hana hodar rawaya, Dogo yana tsakiyar gonar tumatirinsa da tankin feshi a gadon baya, 'yar rediyonsa na rataye a jikin turke. Sai da ya saki hannun famfon ya matso kusa, don ya tabbatar ba kunnensa ne ya fara yi masa wasa ba. Mai sanarwa ya maimaita har sau biyu: maganin nan na fumfunar ganye da manoma ke kira hodar rawaya, an gano yana cutar da masu shaƙarsa da masu taɓa shi. Duk wanda yake da shi ya kai ofishin kula da magungunan gona cikin kwana arba'in, ba mai ce masa uffan. Bayan kwana arba'in kuwa, wanda aka samu da shi za a karɓe katinsa.

Katin nan kuma shi ne ran manomin tumatir. In ba ka da shi, kamfanin gwangwani ba zai auna maka ko kwando ɗaya ba.

Dogo ya kashe rediyon. Shi da hodar nan ba yau suka haɗu ba. Shekara ashirin da biyu ke nan, tun wata damina da ruwa ya kwana huɗu bai ɗauke ba, ya wayi gari ya tarar ganyen gonarsa ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta. A shekarar bai ɗebi abin da zai cika hula ba. Da ya fara fesa hodar, hakan bai sake faruwa ba. Da ita ya yi rufin kwano, da ita yaran suka yi karatu suka kama gabansu. In ana zaginta a gabansa, ji yake kamar ana zagin ɗan uwansa.

Da la'asar ya nufi shagon magani, sai ya tarar da layi har bakin kwata. Hukuma ta ce a kawo, manoma sun ji a saya. Mai shagon yana ta zufa yana miƙo buhuna ta ƙofar baya.

"Dogo, kai ma ka zo jana'izar?"

"Na zo ɗaukar gawar dai. Ba ni bakwai."

"Bakwai! Ci za ka yi?"

"Kai dai miƙo. Su da suka hana, sun taɓa ganin ganye na mutuwa a gaban idonsu?"

Buhunan na takarda ne masu kauri, kowane kamar matashin kai. Ya ɗaure su a bayan babur ya rufe da tsohon bargo. A hanya yake ta lissafin maɓoya. Ɗakin ajiya, nan za a fara dubawa. Bukkar gona, nan ne na biyu. Amma a duk zamansa na duniya bai taɓa jin ma'aikacin hukumar da ya durƙusa ya ɗaga zanin gadon matar mutum ba. Ya yi murmushi shi kaɗai, har yana jinjina wa kansa.

Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun tana da shekara ashirin, ta tsaya a ƙofar ɗaki riƙe da ƙugu tana kallon yana tura buhuna ƙarƙashin gadonta.

"Maigida, ɗakin nawa ne ya koma shago?"

"Na ɗan lokaci ne. A liƙe suke, ko iska ba ta shiga."

"To ni ina zan sa kwandon takalmana?"

"Takalma nawa gare ki, Tsohuwa? Ƙafa biyu ce fa."

Ta yi ta faɗa har ya fita, ta bi shi da sauran har bakin ƙofa. Haka take, in ta ɗaga murya a tsakar gida sai mai facin taya na bakin titi ya san abin da ake ciki. Amma buhunan sun zauna.

Kwana arba'in suka cika suka wuce. Wata safiya sai ga jami'ar ofishin a gona, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autarsa ba, da dogayen takalman roba da allon rubutu a hannu. Ta gaishe shi da ladabi, ta leƙa bukka, ta buɗe tanki ta shinshina daga nesa, ta bi shi gida ta duba ɗakin ajiya. Ba ta sami komai ba sai sabon maganin da aka amince da shi, wanda Dogo ya saya kwalba ɗaya don irin wannan rana.

"Baba, ka kai taka hodar ofis?"

"'Yata, ai tawa ta ƙare tun kafin ku yi magana. Ni talaka ina na ga na ajiya?"

Ta dube shi ɗan jim, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta tafi. Ranar Dogo ya ci abinci har da neman ƙari.

Ba a yi wata biyu ba Tsohuwa ta fara murza ido. Aka ce zafi ne. Sai ƙuraje suka feso mata daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, jajaye, masu ƙaiƙayi. Aka ce sabulu ne, aka canza sabulu. Sai tari, busasshe, wanda ba ya fitar da komai. Daga nan muryar ta fara dusashewa. Tun tana magana kamar mai mura, har ta koma in za ta kira shi sai ta buga cokali a jikin kwano.

Gidan ya yi tsit. Dogo, da ya shekara talatin da biyar yana cewa Allah ya kawo ranar da zai sha shayinsa ba surutu, sai ga shi yana riƙe da kofi har ya huce bai kurɓa ba.

Ya kai ta asibiti. Suka zauna a kan dogon benci tun hantsi, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska, har aka kira su. Likitan mutum ne mai furfura a gefen kai, ba ya gaggawa. Ya haska mata maƙogwaro, ya danna wuyanta da yatsu biyu, ya juya hannayenta yana kallon ƙurajen.

"Mama, kina zuwa gona?"

Ta girgiza kai.

"Kina wanke kayan feshin maigida?"

Dogo ya karɓe: "Ni nake wanke abina a can gona, likita."

"To a gida fa? Akwai wani maganin ƙwari, ko na gona, ko wani gari da ake ajiyewa kusa da inda take kwana ko take aiki? Ku yi tunani da kyau. In na san abin da ya taɓa ta, na san abin da zan nema. In ban sani ba, lalube zan yi ta yi, wuyan nan kuma ba na son yadda na ji shi."

Dogo ya gyara zama. Kafin ya buɗe baki, Tsohuwa ta ɗora hannunta a kan gwiwarsa ta danna. Ta kalli likita ido cikin ido, ta tattaro 'yar muryar da ta rage mata.

"Babu komai."

Likita ya rubuta man shafawa da maganin tari, ya ce su dawo bayan mako biyu, in abin ya ƙaru su dawo kafin nan.

Suka hau babur suka kama hanyar gida. Dogo yana ta faɗa wa ransa cewa buhunan a liƙe suke, shi da hannunsa ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke liƙe ta ina zai fita? Da suka isa, ta shiga kicin, shi kuma ya wuce ɗakinta, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya ɗaga zanin gado ya jawo buhun farko.

A gefen buhun akwai ɗinki. Ɗinki ne na zare baƙi, ƙanana, a jere, irin wanda take yi wa aljihun rigarsa. Ya jawo na biyu, shi ma haka, har wuri biyu. Na uku an yi masa faci da ƙyallen tsohon zani. Can ciki kusa da bango ga kashin ɓera, ga 'yar tsintsiyar hannu bakinta ya rine ya zama rawaya, ga wani murfin kwano da aka mayar abin kwasa.

Yana nan durƙushe ya ji motsinta a bayansa.

"Tun yaushe?"

Ta ɗaga yatsu biyu. Wata biyu.

"Ɓera?"

Ta gyaɗa kai.

"Kuma kike sharewa? Kike kwasa da hannunki kina mayarwa ciki?"

Ta zauna a bakin gado. Sai da ya kawo kunnensa kusa da bakinta sannan ya ji.

"Kullum da safe. Na ga zubewa take. Na san abin da ka sha kafin ka same ta."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da ka ce na cika magana."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. Ya kama hannayen nan masu ƙuraje ya juya su kamar yadda likita ya yi. Shi da yake ganin ya fi hukuma wayo, ashe duk safiyar Allah, yana can yana wa tumatir hidima, matarsa na nan rabin jikinta a ƙarƙashin gado, ƙofa a rufe don kada maƙwabta su gani, tana shaƙar abin da shi kansa ba ya buɗewa sai ya juya wa iska baya.

Ya fito da ita tsakar gida, ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ya ja ƙofar ɗakin ya sa kwaɗo. Ya tsaya yana tunani. Zai iya kwashe buhunan ya kai wani wuri ya binne, ba wanda ya ji ba wanda ya gani, katinsa na aljihunsa. To amma katifar fa, da labule, da ƙasan ɗakin? Wa zai gaya masa yadda ake raba ɗaki da wannan abu? Kuma likita ya ce lalube zai yi ta yi. In ya je ya gaya wa likita, likita sai ya sanar da ofis, haka dokar take. Ko ta ina ya biyo, hanyar ofis ɗin nan take ɓullewa.

Ya ɗauki hularsa. Ta buga cokali a kwano da ƙarfi. Ya waiwayo, ta nuna aljihunsa inda katin yake, ta girgiza kai.

"Tsohuwa, yau dai ki bar ni in yi magana ni kaɗai. Dama ce ta samu."

Ofishin ɗaki biyu ne a bayan ma'ajiyar taki. Teburin jami'ar cike da takardu, an danne su da dutse saboda fanka. Ta ɗago ta gane shi.

"Baba, sannu da zuwa. Ga kujera. Lafiya dai?"

Bai zauna ba. Ya zaro katin ya ajiye a kan teburin, ya tura shi gabanta da yatsa ɗaya.

"'Yata, ranar da kika zo na yi miki ƙarya. Buhu bakwai ne. Suna ƙarƙashin gadon matata. Ɓera ya huda su, ita take sharewa wata biyu. Yanzu ba ta da murya."

Ya shirya wa faɗa. Ya ma tanadi fuskar da zai karɓe shi da ita. Amma ko kallon katin ba ta yi ba. Ta miƙe tsaye.

"Tana ina yanzu?"

"Tsakar gida."

"Ɗakin a rufe?"

"Na sa kwaɗo."

"Madalla. Wane likita ya gan ta?"

Ya faɗa mata. Nan take ta ɗauki waya, ya ji tana karanta wa likitan wani dogon suna daga cikin wani littafi, tana faɗin wata biyu, a rufaffen ɗaki, da hannu ba safa. Ta ajiye wayar.

"Ya ce a mayar da ita yau, kada a jira mako biyu. Za su ɗebi jininta su duba wuyan. Ta yi wanka ta canza kaya, amma kada ta sa ko ɗankwalin da ya kwana a ɗakin nan. A ara a maƙwabta. Kai ma ka wanke hannun nan kafin ka taɓa komai, ga famfo can."

Yana wanke hannu yana satar kallonta. Sai da ya dawo sannan ta ɗauki katin.

"Baba, wannan kam ba ni da yadda zan yi. Sai na rubuta."

"Na sani. Ban zo roƙo ba."

"Zan rubuta gaskiya duka. Har da cewa da ƙafarka ka zo."

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. Mutum uku suka fito cikin fararen riguna tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe. Duk unguwa ta fito kallo. Abin da Dogo ya ɓoye wata huɗu, sai ga shi ana fito da shi ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, ana sakawa a cikin durom mai murfi. Aka fito da katifa, da matasai, da labule, da tsintsiyar. Aka wanke ƙasa da bango sau uku, ruwan ma ba a bar shi ya bi kwata ba, a jarka aka tafi da shi.

Mai facin taya ya matso kusa da shi.

"Dogo, ashe banki gare ka a ƙarƙashin gado?"

"Banki ne. Ɓeraye ne manajoji."

Aka yi dariya. Amma Dogo ya lura da wasu manoma biyu uku da dariyarsu ba ta kai ciki ba, suka sulale suka nufi gida da sauri.

Hukuncin ya fito bayan kwana goma: an dakatar da katinsa na kaka ɗaya. Da kama shi aka yi, da shekara uku ne. Tumatirin bana dai kamfani ba zai taɓa shi ba, sai abin da ya iya sayarwa a kasuwa kafin ya lalace. Ya ji zafin abin, ba a cewa bai ji ba. Kwana biyu yana zagaya gonar yana kallon jan da ya yi kamar da gayya.

Sakamakon asibiti kuwa ya zo da sauƙi. Likita ya ce hodar ta ƙone mata maƙogwaro da fata, ta kuma fara taɓa wani ƙullutu da ke cikin wuya, amma an tare shi da wuri. Ya ba ta ƙwayoyin da za ta sha wata shida, ya ce ta riƙa zuwa ana dubawa.

"Da kun ƙara wata biyu a haka, da wata maganar muke yi," in ji shi. Ya dubi Tsohuwa ta saman tabarau. "Ke kuma Mama, in na sake tambayarki abu, kada ki danne gwiwar kowa. Ina gani fa."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Da ƙurajen suka bushe, Dogo ya zaɓi tumatir mafi kyau a gonar, ya cika kwando ya ɗaure a babur, ya nufi ofis. Bai san yadda ake gode wa wanda ya karɓe maka kati ba, amma ya san ba a zuwa hannu sake.

Jami'ar ta leƙa kwandon ta yi murmushi.

"Kai, Baba, sun yi kyau. Da wane magani?"

"Da naku. Ba laifi, yana aiki. Sai dai yana son a riga ciwon zuwa, ba ya son a kira shi bayan an makara."

"Ka ga ka fi ni iya bayaninsa. Amma ba zan karɓa ba. Ba a yarda mu karɓi komai daga hannun manomi ba."

"Ai ni yanzu ba manomi ba ne, kin karɓe katin."

Ta yi dariya har da dafa tebur, amma ta ƙi. Ya tsaya da kwandonsa kamar wanda aka kora daga biki.

"To 'yata, me zan ba ki? Kin ɗaga waya kafin ki ɗaga biro. Ni na ga wannan, ba zan manta ba."

"In kana son ka ba ni wani abu, gaya mini gado nawa ne a garin nan ke da irin naka."

Dogo ya gyara hula.

"Ni gadon da na sani nawa ne. Ba na leƙa na mutane." Ya matso kusa da teburin. "Amma da ni ne ke, ba gonaki zan bi ba. Asibiti zan je in tambaya matan manoma nawa suka zo da tari da ƙaiƙayi a watannin nan. Kuma in zan yi sanarwa, ba a rediyon gona zan yi ba. Inda mata ke taruwa zan je in yi. Mu maza mun ji, kin ga abin da muka yi da jin."

Ta jawo takarda ta rubuta. Kwandon kuwa, a hanyar komawa ya sauke wa masu sharar asibiti, su ba dokar da ta hana su.

Wata safiya bayan mako uku, yana zaune a ƙofar gida yana gyaran bakin famfon feshi, da safar roba a hannu, sai ya ji daga can cikin gida:

"Maigida! Wa ya ajiye mini bokiti a bakin ƙofa sai na yi tuntuɓe?"

Muryar da ɗan kaushi, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, amma ta tsallake katanga. Mai facin taya ya ɗago daga kan tayar da yake bugawa.

"Alhamdu lillahi! Dogo, hutunka ya ƙare."

Dogo ya ajiye famfon a hankali, ya jingina da bango.

"Ba ka ji ana kiranka ba?" in ji mai facin.

"Na ji. Bari ta ƙara kira."